Fumfunar da ke Zaune Cikin Ciyawar Kiwo

Ku dubi wannan ganyen ciyawa da kyau. Kore ne shar, babu tabo ko ɗaya a jikinsa, amma idan aka sa shi ƙarƙashin madubin ƙara girman abu, za a ga siraran zare na wata fumfuna mai suna Epichloë sun ratsa cikinsa. A nan take rayuwa, kuma ta cikin iri take bi ta shiga tsiro na gaba.

Makiyaya sun sha wuya kafin a gano ta. A Amurka, shanun da ke kiwo a ciyawar Kentucky 31 sukan rame, su tsaya cikin tafki saboda zafin jiki, sai a 1977 masana suka danganta cutar da wannan fumfuna, wadda ke samar da sinadarin ergovaline mai matse jijiyoyin jini. A Niyu Zilan kuwa, tumaki ne ke rawar jiki suna faɗuwa, aka gano a 1981 cewa irin wannan fumfuna ce tushen abin.

A nan ne mutane da yawa ke kuskure, suna ganin ai magani shi ne a raba ciyawa da fumfunar baki ɗaya. An gwada haka, an shuka iri marar fumfuna, dabbobi suka sami lafiya, amma wani ƙwaro mai huda kara, ɗan asalin Kudancin Amurka, ya cinye filayen kiwon. Ashe fumfunar nan ba sinadari ɗaya take yi ba. Lolitrem B ne ke kayar da tumaki, peramine kuma shi ne ke hana ƙwaron cin ciyawar, kuma kowanne da tasa hanyar samuwa. Saboda haka masu bincike na cibiyar AgResearch ta Niyu Zilan suka yi ta tankaɗe da rairayar nau'o'in fumfunar har suka sami wadda ke yin peramine ba tare da lolitrem B ko ergovaline ba, suka dasa ta cikin ciyawa, aka fitar da ita kasuwa a 2001 da sunan AR1. A ganina wannan haƙurin zaɓe ya fi komai burgewa a cikin aikin, domin babu abin da ake fesawa; kariyar tana cikin ƙwayar irin da manomi ya saya.

Sai dai buhun wannan iri yana buƙatar kulawa. Idan ya daɗe a ɗaki mai zafi da laima, fumfunar kan mutu kafin irin ya mutu, ciyawa ta tsiro lafiya lau amma babu mai gadinta, shi ya sa ake ajiye shi a wuri mai sanyi kuma busasshe har zuwa ranar shuka.