Wanda Muka Bari a Gefen Iska

Shugaba, a yi min haƙuri da rahoton wata ukun nan, zan karanta shi a ƙarshe in lokaci ya ragu. Abin da ya hana ni barci tun ranar Talata shi zan fara faɗa.

Yaron nan namu da ya zo karatu nan Kalgari ta ƙasar Kanada a watan Satumba, ba zan kira sunansa ba, waɗanda suka je asibiti sun san shi. Ya tashi daga aikin dare, bas ta wuce shi, ya tsaya jiran ta gaba da 'yar rigar sanyin da ya taho da ita daga gida da takalmin kambas, hannu ba safa. Da jira ya ishe shi sai ya taka da ƙafa. Ya isa ɗakinsa na ƙarƙashin ƙasa yatsunsa sun yi fari fat, sun sandare, ba ya jin su. Ya kwana biyu a kwance shi kaɗai. Lambata tana cikin wayarsa, ta shugaba tana ciki, ta liman tana ciki, bai kira ko ɗaya ba. Da na tambaye shi dalili, wallahi amsar da ya ba ni ita ce ta karya min zuciya. Ya ce, "Mama, kunya na ji, ban taɓa biyan kuɗin ƙungiya ba." Yanzu haka likitoci suna fama a kan yatsu biyu na hannunsa na dama, sai an jira makonni kafin a san ko za su tsira.

Na fito daga asibitin na kira ma'aji a ciro abin da za a saya masa riga da takalmi a kuma rufe masa kuɗin haya na watan nan, tunda aiki ya tsaya. Ma'aji ya yi shiru, sannan ya faɗa min abin da ke asusun taimakon. Ko takalmin kirki guda ba zai saya ba. Ku duba wannan abu don Allah: yaron da bai cika wata biyar a Kalgari ba shi ke jin kunyar rashin biya har ya kusa rasa hannu, mu kuma da muka shekara goma, sha biyar, masu gidaje da motoci biyu a gareji, fiye da rabinmu ba mu sa ko sisi ba tun bara, kuma muna zaune a nan fuska a sake.

Bari in ba ku labarin wani tsuntsu, kada ku ce Hajiya ta fara ruɗewa. Jikata ce ta ja ni gidan namun dajin garin nan kallon fengwin, waɗanda ake fitowa da su da hunturu su yi tattaki a kan ƙanƙara suna rangaji kamar angwaye. In sanyi ya kai digiri 25 ƙasa da sifiri ba a fito da su. A farkon 2018 har labarin ya zaga duniya, wai sanyin Kalgari ya sa an shigar da fengwin ɗaki. Tsuntsun da Allah ya halitta don sanyi an ɓoye shi, ɗan Adam ɗan Sahel yana tsaye a tashar bas da kambas!

Waɗancan ma ba su ne gwanayen ba. Suna da babban wa a Antaktika, can ƙarshen kudancin duniya, mai tsayin da ya ɗan wuce mita ɗaya, shi kuwa a tsakiyar hunturu yake haihuwa, lokacin da sanyi ke kaiwa digiri 40 ƙasa da sifiri, iska tana kaɗawa da gudun da ya wuce kilomita 100 a awa, rana ma ba ta cika leƙowa ba. Macen za ta yi ƙwai guda ɗaya tak a watan Mayu ko Yuni, ta miƙa wa mijin, ta kama hanyar teku neman abinci wajen wata biyu. Shi kuma ya ɗora ƙwan a kan ƙafafunsa, ya sauko da wata fatar cikinsa ya lulluɓe shi, ya tsaya haka kwana sittin da 'yan kai. In ƙwan ya suɓuce ya ɗan jima a kan ƙanƙara, shi ke nan. Tun zuwansa wurin har matar ta dawo yakan yi kusan wata huɗu bai sa komai a bakinsa ba, ya zubar da kusan rabin nauyinsa. Iyayenmu maza, ban ce komai ba, labari kawai nake bayarwa.

Jikinsa an yi masa shiri. Akwai kitse a ƙarƙashin fata da kan kai kaurin santimita uku. Gashinsa hawa-hawa ne: na waje mai tauri da santsi yana tare iska da ruwa, na ciki mai laushi kamar auduga yana riƙe iska a jikin fata, kuma wannan iskar da aka kulle ita ce bargon. Sosai take riƙe zafi, har masu binciken da suka auna su da kyamarar gane zafi suka tarar bayan gashin ya fi iskar wurin sanyi, alhali cikin jikin yana wajen digiri 38. A ƙafafu da fikafikai kuwa, jijiyar da ke kai jini mai ɗumi tana manne da wadda ke dawo da mai sanyi, sai ɗumin ya tsallaka ya koma ciki tun kafin ya kai ƙasa ya salwanta. Har cikin hancinsa yana ƙwato yawancin ɗumin numfashin da zai fitar. In ya tsaya ma yakan jingina a kan dugadugansa da jela ya ɗaga yatsu, don kada ya taka ƙanƙara da yawa.

Mu ba a ba mu ko ɗaya daga cikin waɗannan ba, ni da na shekara ina aikin jinya a ƙasar nan nake gaya muku. Jikinmu in ya ji sanyi janye jini yake daga yatsu da kunne da hanci don ya tsare zuciya, shi ya sa su ke fara mutuwa. In sanyi da iska suka haɗu suka kai 40 ƙasa da sifiri, fatar da ba a rufe ba tana iya daskarewa cikin minti biyar zuwa goma. Saboda haka ku yi wa yaranku hawa-hawa irin na tsuntsun nan, riga a kan riga, ta ulu a ciki ba ta auduga ba, don auduga in ta sha gumi sanyi take ƙarawa. In yatsa ya daskare kada a murza shi, kada a kanga shi a wuta, ruwa mai ɗumi-ɗumi kawai, sannan asibiti. Kuma don girman Allah kada wanda ya kunna gawayi ko ya buɗe murhun gas don ɗumama ɗaki. Kaskon wutar da kakanninmu ke ajiyewa da hunturu a zaure yake, iska na shiga ta ko'ina. Ɗakunan nan a toshe suke ruf, mutum sai ya yi barci bai tashi ba. 'Yan'uwanmu na Zango sun tuna samarin Gana biyu da suka ratsa iyakar Amurka da Kanada da ƙafa kusa da garin Emason a lardin Manitoba a Disambar 2016, sanyi ya cinye musu yatsu. Ba tatsuniya ba ce.

Amma duk kitsen nan da gashin nan ba za su kai tsuntsun ƙarshen hunturu ba in shi kaɗai ne, kuma nan nake so ku ba ni kunnuwanku. In iska ta tsananta curewa suke yi wuri ɗaya, ɗaruruwa, wani lokaci dubbai, kafaɗa da kafaɗa, kai a sunkuye, har kusan goma a fili mai faɗin mita ɗaya. An auna tsakiyar curin an samu ɗumi har digiri 37, a wurin da waje ke daskarar da yawu. Wani lokaci zafi ma ke sa su watse su sha iska. Kuma curin ba a tsaye yake cak ba. Kowane rabin minti zuwa minti ɗaya sai a yi ɗan taku, ya ratsa taron kamar igiyar ruwa. Wanda iska ke duka a gefe sai ya zame ya zagaya ta bayan taron inda ke da kariya, waɗansu su biyo shi su rufe shi, a hankali ya tsinci kansa a tsakiya, na tsakiyan kuma watarana ya wayi gari shi ne a bakin iska. Ba tausayi ke sa su ba, tsuntsaye ne, kowa kansa yake nema wa ɗumi. Sai dai tsarin bai bar kowa ya dawwama a gefe ba.

Namu curin fa? Mun shiga tsakiya mun kafe. Wa ya ɗauko ni a filin jirgi shekarar da na zo? Wa ya ba ni rigar sanyin farko, wadda hannunta ya wuce nawa da taƙi guda? Tana zaune a cikin ɗakin nan, ta san kanta. Kowannenku yana da irin wannan mutumin. Yau mun ji ɗumi, mun manta akwai gefe. Yaran nan da ke zuwa yanzu sun tarar da abin da ba mu tarar ba: haya ta yi tashin gwauron zabi, kuma tun Nuwambar 2024 doka ta tsayar wa ɗalibi awa 24 a mako na aiki a wajen makaranta. Da wanne zai ji, haya, ko abinci, ko rigar da ta fi kuɗin cefanensa na wata?

A gida, in mutum bai fito sallar asuba kwana biyu ba, kafin hantsi an ƙwanƙwasa masa ƙofa. Sanyin da muke kuka da shi a Kano ko Damagaram, wanda ke sa a zagaye mai shayi ana hura hannu, a nan ranar da aka samu irinsa cewa ake bazara ta zo. Can sanyin wasa ne amma ana leƙa juna. Nan sanyin kisa ne, kowa ya kulle ƙofarsa ya tura gaisuwar Juma'a a WhatsApp. Mu ne fa ake nunawa a garin nan a ce Hausawa ba sa yar da nasu. Ranar bikin sallah dubi yadda muke cika zauren nan da shadda da turare, har baƙi na tsayawa ɗaukar hoto. Zumunci a ƙafa yake, ba a hoto ba. Kwana biyu, jama'a, yaro yana kwance da ruɓaɓɓen hannu minti goma da gidajen wasunmu!

Rahoton a taƙaice: an yi suna biyu, an yi ta'aziyya ɗaya, makarantar Asabar ta yara tana tafiya, malama tana neman mai taya ta, an sabunta hayar zauren nan. Sauran yana cikin takarda, kowa ya karanta a gida.

Abin da nake roƙo a zartar yau kafin a buɗe kulolin abinci: ɗalibi ba ya biyan kuɗin ƙungiya a shekararsa ta farko, a rubuta, a faɗa masa da baki ranar da ya sauka, don kada wani ya sake jin kunyar kiranmu. Kowane gida ya ɗauki sabon zuwa guda, in an yi gargaɗin sanyi ya kira shi, in bai ɗaga ba ya tashi ya je. Rigunan da yaranku suka girme su, da takalma da safar hannu, a kawo min su ranar Asabar, zan wanke da kaina. Masu mota, ina neman mutum huɗu da za su riƙa ɗauko masu aikin dare har ƙarshen Fabrairu.

Ma'aji ya ja kujerarsa bakin ƙofa, littafin yana hannunsa, kuma ya ce na'urar kati tana aiki, saboda haka batun "ban fito da kuɗi ba" bai taso ba. Yaron yana hawa na huɗu, ana shiga dubiya har ƙarfe takwas na dare. Ya ce kunun gyaɗa yake sha'awa. Wa za ta dama masa na gobe?