Yadda ake auna lanƙwashewar furoton da haske

Tun da sakamakon Jefferson Lab na Amurka ya fito a 2022 ake ta yaɗa cewa an ɗauki hoton furoton, wato ƙwayar da ke cikin tsakiyar atom, yana miƙewa. Babu kyamarar da ta ga hakan, lissafi ne ya nuna.

Ga yadda ake yi a MAMI, na'urar harba ilektaron da ke Mainz a Jamus. Ana harba ilektaron, wato ƙwayoyin da ke ɗauke da lantarki, kan siririn ƙarfe, su fitar da foton, wato ƙwayoyin haske. Foton su daki furoton da ke cikin ruwan haidurojin mai sanyin kusan digiri 253 na Celsius ƙasa da sifili, na'urori kuma su ƙirga nawa suka karkata, ta wace kusurwa.

To, nan ne ake ruɗewa. Shi kansa foton ɗin filin lantarki da maganaɗisu ne. Da isowarsa sai ya ja cajin da ke cikin furoton, mai ƙari gefe guda, mai ragi ɗaya gefen. Furoton da ya ɗan lanƙwashe sai ya mayar da hasken ba daidai da yadda tauraren abu zai mayar ba. A zanen sakamakon, ana ja layi na lissafin furoton da ba ya lanƙwashewa. Abin da aka auna kuwa a sa shi a ɗige-ɗige. 'Yar tazarar da ke tsakaninsu ita ce duk abin da ake nema.

Zaɓen ƙarfin foton yana da wuyar sha'ani. In ya yi rauni, caji da nauyi kawai zai nuna. In ya haura kusan MeV 145 (MeV ma'aunin ƙarfin foton ne), sai wasu ƙwayoyi da ake kira fiyon su fara fitowa su dagula lissafin. Kusurwa ma da aikinta: hasken da ya wuce gaba yana ba da jimillar lanƙwashewar lantarki da ta maganaɗisu, wanda ya dawo baya yana ba da bambancinsu.

Lanƙwashewar lantarki ta kai kusan 0.0011 na femtomita kubik (femtomita ma'aunin tsawo ne na ƙananan abubuwa irin furoton), ta maganaɗisu kusan 0.00025. Furoton tauri gare shi matuƙa.

Shi kuwa gwajin 2022, da foton na wucin gadi da ilektaron ke aikawa aka yi shi, aka ga wani tudu a awon lanƙwashewar lantarki, wanda ka'ida ba ta hango ba. A ganina a jira ƙarin awo kafin a buga ganga, domin cire hasken da ilektaron ɗin kansa ke fitarwa aiki ne mai matuƙar wuya.