Amsoshin Tambayoyinku: Karatu a Waya Karatu Ne?

Assalamu alaikum masu sauraro, barkanmu da sake saduwa. Wasiƙarmu ta farko daga Agege ta fito, daga wata baiwar Allah mai sana'ar ɗinki. Ta ce kullum da daddare tana karanta labaran Hausa a wayarta, amma yayanta ya ce wannan ba karatu ba ne, danne-danne ne kawai. Tana son jin wa ke da gaskiya.

Malama, karatu kike yi, kada ki yi shakka. Kakanninmu da ajami suka karanta waƙoƙi, rubutun hannu. A 1939 Gaskiya Ta Fi Kwabo ta fito a Zariya, mutane suka rungumi jarida. Daga shekarun 1980 littattafan soyayya na Kano suka cika ɗakunan mata. Yau marubuta da dama sun koma WhatsApp da Wattpad da Facebook, suna sakin labari shafi-shafi. Mu da ke Legas mun fi kowa sanin amfanin wannan, domin samun littafin Hausa na takarda a nan sai an ba mai zuwa Kano sautu. Na sha zama a BRT, babbar motar haya ta Legas, a hanyar Ikorodu, mota ta tsaya cak, na kusa da ni ya sunkuyar da kai yana murmushi shi kaɗai, labari ya tafi da shi. Wannan abin yana faranta mini rai ƙwarai.

Sai dai yayanki ma ya hango wani abu. Littafin takarda ba ya kiranki, waya kuwa ana tsakiyar labari saƙo zai faɗo, ki leƙa, daga nan sai bidiyo, dare ya raba ba ki gama shafi biyu ba. Ki gwada kanki: washegari a shago, za ki iya ba ƙawarki labarin daga farko? In kin iya, kin karanta. Ki riƙa sauke labarin ki kashe data, ki rage hasken waya saboda idonki. In kuma labarin na kuɗi ne, don Allah ki biya marubuciyar, kada ki karɓi na sata, guminta ne.

Ta biyu daga kasuwar Mile 12 take. Wani bawan Allah mai sayar da albasa ya ce 'yarsa mai shekara 13 ba ta ajiye waya saboda labarai, ko ya ƙwace?

Alhaji, a yi haƙuri, kada a ƙwace tukuna. Amma a sa ido, domin yawancin labaran intanet babu mai tace su, wasu akwai batsa a ciki. A ce ta riƙa karanta wa mahaifiyarta a fili bayan sallar isha'i, a ji abin da take karantawa.

Bari mu ɗauko wasiƙa ta uku, daga Idi-Araba.