Kwafi zuwa NAS ya kafe a 11 MB? Duba kebul ɗinka

Bidiyon biki ne, terabait ɗaya, ana tura shi daga kwamfuta zuwa NAS (akwatin ajiyar fayiloli da ake haɗawa da network) a wani shagon tace bidiyo a Agege, gudun ya kafe a 11 MB a sakan. Da yawa sukan ɗora wa NAS ɗin laifi. Kafin ka mayar da shi Computer Village a Ikeja, tsaya.

Layin gigabit, wato mai gudun 1000 Mbps, yana ɗaukar kimanin 110 MB a sakan, terabait ɗaya ya wuce cikin awa biyu da rabi. A 11 MB kuwa, sai ka yi awa 25 kana jira.

Ga inda matsalar take. Dubi kan kebul ɗin network ɗinka da kyau: siraran wayoyi takwas ne a ciki. Gigabit sai da dukkansu. Layin 100 Mbps kuwa, wanda ke ba da kimanin 11 MB a sakan, huɗu kawai yake amfani da su. Idan ɗaya daga cikin sauran huɗun ba ta taɓa ƙarfen ba lokacin da aka matse kan, layin ba ya yankewa. Intanet na aiki, fitila na ƙyaftawa, amma na'urorin biyu sun sauka zuwa 100 ba tare da sun sanar da kai ba. A ce waya mai ruwan ƙasa ce ba ta kai ƙarshe ba. Ita kaɗai ta cinye maka yini guda.

A Windows, rubuta ncpa.cpl a akwatin bincike, buɗe Ethernet, karanta gudun. In ka ga 100 Mbps, canza kebul. Ni dai shawarata, sayi kebul nau'in Cat6 haɗin kamfani, na tagulla zalla, ka bar na alminiyam mai araha. Ka kuma tabbata switch ɗin kansa (akwatin da kebul ɗin na'urorin ke haɗuwa a kai) na gigabit ne, ka kashe Wi-Fi.

Sauran ba wuya. In ƙananan hotuna ne dubbai, yi amfani da robocopy, umarnin kwafin fayiloli na Windows, ka sa /MT:16 don ya riƙa ɗibar fayiloli da yawa a lokaci guda. Ƙara /R:2, domin in ba haka ba, fayil ɗaya ya ƙi, zai yi ta sake gwadawa har sau miliyan.

Kuma don Allah, haɗa NAS da switch duka a kan UPS kafin ka fara, saboda ɗauke wuta.