Gudun da ba alƙali, ba 'yan kallo

(Lacca ce da wani malamin motsa jiki ya yi wa matasa masu gudu a nan Damagaram, an ɗauka a waya, na kwafo yadda ya faɗa.)

Salamu alaikum. To ƙannena ku matso kusa, yau zancen wani irin gudu zan yi muku wanda ba a busa usur, ba 'yan kallo, ba kofi a ƙarshe. Masu yinsa suna ce masa FKT, wato lokaci mafi sauri da aka sani a kan wata hanya. Kai za ka zaɓi ranarka, ka tsaya bakin daji ka danna agogo ka shiga, ka bi hanyar har ƙarshenta, in zagaye ce ka dawo daidai inda ka tashi, wanda kake karawa da shi kuma ba ya wurin, lokacinsa ne kawai a rubuce, ƙila ma shekara biyar da yinsa.

Akwai wata hanya a Amurka, jihar Washinton, sunanta Wonderland, ta zagaye dutsen Rainier kaf, kilomita 150, kusan daga nan zuwa Tanut kenan, sai dai fa ba shimfiɗaɗɗiya ba ce, in ka tara hawan da ke cikinta ya kai wajen mita 6,700 kuma duk abin da ka hau sai ka sauko shi. Masu tafiya da kaya a baya suna yin kwana 10 ko fiye. A 2006 Kyle Skaggs ya yi ta a awa 20 da minti 53. A 2015 Gary Robbins ya sauko da ita awa 18 da minti 52. Sai 2020 da korona ta sa aka soke tsere ko'ina, 'yan gudu suka rasa inda za su kai horon da suka sha, sai suka fantsama daji. Dylan Bowman ya yi awa 16 da minti 58, bawan Allah ko gajiya bai gama warwarewa ba, 'yan kwanaki kaɗan Tyler Green ya zo ya yi 16 da 40. Ku 'yan matan da ke baya ku ji wannan, a shekarar dai Kaytlyn Gerbin ta yi awa 18 da minti 41, ta wuce lokacin da Robbins ya kafa shekara biyar kafin nan.

Mutane suna ɗauka hawa ne wahalar, wallahi gangara ta fi cin mutum. Cinya ce ke taka maka birki awa da awanni har ta fara rawa, ga saiwoyin itace sun gitta hanya, ga duwatsu masu santsi, ga rafukan da ƙanƙara ke narkewa tana cika su, wanda ka tsallaka da safe salin alin da la'asar sai ya fi ƙarfinka, kuma dole wani yanki ka yi shi cikin duhu da tocila a goshi. Sannan ciki. Da yawa ba ƙafa ce ke kada su ba, ciki ne ya ƙi karɓar abinci, shi ya sa suke ci kaɗan kaɗan tun kafin yunwa, da ruwa da gishiri. Kuma ba wanda ke faɗawa hanya haka nan, sai ya bi ta gutsure gutsure ya san inda ruwa yake da inda ake ɓata.

Abin da ya sa na kawo muku zancen nan shi ne amana. Gudun kashi uku ne, akwai wanda mutanenka ke jiranka a hanya da abinci, akwai wanda kai ka ajiye kayanka tun farko ko ka saya a hanya, akwai wanda komai a bayanka yake sai ruwan rafi. In ka ce na ukun ka yi, alhali wani ya miƙo maka ko dabino ɗaya, to ka sauya layi, kuma kai ne za ka faɗa da bakinka. E akwai GPS a agogo yana nuna inda ka bi, amma GPS bai ganin hannun da ya miƙo dabinon. Ni wannan ya fi burge ni a kan saurin.

Mu nan ba mu da wannan kurmin, amma muna da duwatsun Birni, muna da rairayi da karangiya, ga Mirya kilomita 18 da gawo da kukokinta. Ku zauna a fadarku ku zana zagaye guda, kowa ya yarda da inda aka tashi da inda za a bi, a samu littafi a riƙa rubuta suna da rana da lokaci. Ku yi shi da hunturu bayan sallar asuba, kar wani ya ce zai gwada a watan Afrilu da rana tsaka, zafin nan kisa yake yi. Da damina kar a taka gonar mutane, in hanya ta ratsa ƙauye a fara gaida mai gari. Kuma duk wanda zai fita ya gaya wa wani a gida inda ya nufa da ƙarfe nawa zai dawo. To, wa ke da tambaya?