Idan 'yan kallo suka ƙi zakaran da kamfani ya zaɓa

Assalamu alaikum. Jama'a, barkanmu da yamma. Laccarmu ta yau a kan resilin ce, kokawar nan ta Amurka, musamman ta kamfanin WWE, kuma abin da za mu duba shi ne abin da ke faruwa idan masu tsara labari suka ce ga gwaninsu, 'yan kallo suka ce ba su yarda ba.

A kokawarmu ta gargajiya, irin wadda ake yi ta neman takobi a Nijar, ba wanda ya san mai yin kaye sai an kama. A resilin kuwa, tun kafin a fito an yanke wanda zai ci, da minti nawa za a yi, da yadda za a ƙare. Faɗuwar ta gaske ce, karaya da targaɗe na gaske ne, amma sakamakon a rubuce yake. Saboda haka kambu sanarwa ce daga kamfani cewa wane muka ɗora wa kasuwarmu: shi zai rufe taro, hotonsa ne a fosta, rigarsa za a fi sayarwa. 'Yan kallo sun san wannan sarai. Shi ya sa idan suka yi wa zakara ihu, sau da yawa da mutanen ofis suke.

Mai tsara labari dole ya iya bambance ihu. Akwai wanda ake yi wa bos don ya yi mugunta a cikin labari, ya buga wa akta kujera alhali alƙalin wasa ya juya baya. Wannan ihun alheri ne, domin mutane za su biya kuɗi su zo su ga ranar da za a rama. Akwai kuma wanda ake yi wa akta, mutumin da aka shirya don a yi masa tafi. Wannan alama ce cewa labarin ya goce. Shiru ma iri biyu ne. Wanda ya rufe filin New Orleans a 2014, lokacin da Brock Lesnar ya karya tarihin Undertaker na cin wasa 21 a jere a WrestleMania, babban taron WWE na shekara-shekara, shirun kaɗuwa ne, mutane suna cikin labarin tsundum. Shirun da ake tsoro shi ne na mutanen da suka koma danna waya.

Mu ɗauki Royal Rumble, domin a nan ake fi samun matsala. Mutum 30 ne, biyu ke farawa, sauran suna shigowa ɗaya bayan ɗaya, ana fitar da mutum ta saman igiya har ƙafafunsa biyu su taɓa ƙasa. Wanda ya rage shi zai nemi kambu a WrestleMania. Ke nan a daren ne kamfani ke bayyana zaɓinsa, sannan akwai sama da wata biyu da jama'a za su yi suna nuna fushinsu kowane mako kai tsaye a talabijin.

A Janairun 2014, a Pittsburgh, Daniel Bryan jama'a suke so. Ba a rana ɗaya abin ya taso ba. Tun 2012 aka sa Sheamus ya kayar da shi cikin daƙiƙa 18 a WrestleMania, mutane suka ji an wulaƙanta ƙwararre, suka riƙe kiran nan na "Yes!" ko'ina. A Agustan 2013 ya ci John Cena ya karɓi kambu, cikin 'yan mintoci Triple H, babban jami'in kamfanin da ya yi alƙalancin wasan, ya ci amanarsa, Randy Orton ya ƙwace. Wata biyar ana hana shi, ana ce masa bai kai ba. Duk wanda ya saba kallon labari ya san cewa irin wannan zaluncin alkawari ne, wato akwai ranar biya. Sai ga shi ba a ma sa shi a Rumble ba.

Ku lura da kuskuren tsari a nan. Ba a faɗa wa jama'a a fili cewa ba ya ciki ba, don haka duk lokacin da aka fara ƙirgen shigowar wani, sai su sa rai. Da lamba ta 30 ta zo, Rey Mysterio ya fito, mutumin da yara da manya ke ƙauna, aka yi masa ihu kamar ya yi laifi. Batista, wanda kwanansa shida da dawowa, ya ci, ihun ya ƙaru. Dokar da masu sana'ar suka sani ita ce, idan ba za ka ba mutane wanda suke jira ba, ka kashe sa ran tun da wuri, kuma ka ba da lamba ta ƙarshe ga bos, wanda ihu ba zai yi wa illa ba.

Kamfani ya gyara, kuma gyaran ya yi kyau, domin ya jawo boren cikin labarin. A watan Maris aka cika dandamali da masoya Bryan suka ƙi sauka sai an ba shi wasa. Ranar 6 ga Afrilu ya ci Triple H a wasan buɗe taro, ya dawo a wasan ƙarshe ya ci Orton da Batista.

Shekara na zagayowa aka maimaita kuskuren, a Philadelphia kuma, garin da aka san 'yan kallonsa ba sa ragawa kowa. Bryan ya dawo daga jinyar wuya, aka shigo da shi na goma, aka fitar da shi bayan wajen minti goma, alhali saura rabin wasa. Daga nan jama'a suka juya wa duk abin da ya biyo baya. Roman Reigns ya ci, The Rock ya fito ya ɗaga hannunsa, ihun ya haɗa da shi. Abin da nake so ku riƙe: wannan Roman ɗin shi aka yi wa sowa a Rumble na 2014, lokacin da ya fitar da mutum 12 ya rage daga shi sai Batista. Mutumin bai canja ba. Abin da ya canja shi ne an ga hannun ofis a bayansa, an kuma riƙa rubuta masa kalaman barkwanci da ba su dace da bakinsa ba.

A nan kamfani ya yi taurin kai. WrestleMania huɗu a jere, daga 2015 zuwa 2018, Roman ne ke rufe taro a matsayin akta, ana yi masa ihu. Maganin kuwa tsoho ne, don an yi wa The Rock shi a 1997 da jama'a suka ƙi murmushinsa: ka mai da shi bos, ka bar shi ya mayar wa masu zaginsa martani. Sai a Agustan 2020 aka yi haka, aka haɗa Roman da Paul Heyman, manaja mai magana da yawunsa. Ya riƙe kambu kwana 1,316, kuma wannan zamanin ne mafi kyau a aikinsa. A ganina shekara biyar aka yi asara a banza.

Kada a ɗauka cewa duk abin da jama'a suka nema a ba su nan take. A 2023 Sami Zayn ya faɗi a gaban mutanen garinsu a Montreal, Cody Rhodes ma ya faɗi a WrestleMania, dukansu a hannun Roman, an yi fushi sosai, amma ba a bar kallo ba, saboda an ga jinkiri ne kawai, labarin yana nan. Inda aka kusa ɓata shi shi ne 2 ga Fabrairun 2024, da aka sa Cody, wanda ya ci Rumble, ya bar wa The Rock gurbinsa ba tare da dalilin da hankali zai ɗauka ba. Intanet ta ɗauki wuta. Cikin kwana shida aka juya, aka mai da Rock bos, Cody ya ci Roman ranar 7 ga Afrilu.

Saura yadda ake sauke zakara, wanda shi ma aiki ne. Kofi Kingston haifaffen Kumasi ne a Ghana. A Fabrairun 2019 aka sa shi madadin Mustafa Ali da ya ji rauni, ya yi wajen awa guda yana karawa da mutane ɗaya bayan ɗaya, jama'a suka tuna shekararsa 11 a kamfanin ba a taɓa ba shi babbar dama ba. Masu tsarawa suka ji, suka jera masa shinge mako bayan mako, har sai da abokansa Big E da Xavier Woods suka ciyo masa damar. Ya ci Bryan, wanda ke riƙe da kambu a lokacin, ranar 7 ga Afrilu, ya zama haifaffen Afirka na farko da ya riƙe kambun WWE. Wannan duk daidai ne. Amma ranar 4 ga Oktoba, daren farko na shirin mako-mako na SmackDown a tashar Fox, Lesnar ya ɗaga shi sau ɗaya ya maka, aka ƙirga uku, ko daƙiƙa goma ba a yi ba. Ba wanda ya ce kada Kofi ya faɗi. Abin da ya ƙona wa mutane rai shi ne ba a ba shi minti goma ya yi faɗa ba, ba a ba shi wasan ramuwa ba, ba a ma nuna shi yana jin zafin rashin ba. An yi gaggawar ne don a shigo da Cain Velasquez, tsohon zakaran faɗan gaske na UFC, ya tunkari Lesnar, wasan da aka yi a Riyad a ƙarshen watan, aka gama shi cikin wajen minti biyu.