Ɗumame Ba Zunubi Ba Ne: Uwa Kirista, Tukunya da Zargin Kai

Ƙarfe bakwai da rabi na dare. Kin sauka daga Keke Napep a bakin layi, ƙafafu sun kumbura. Kina tura ƙofa, autanki ya riƙe miki zani yana cewa, "Mama, yunwa." Sai ki ɗora ruwan Indomie, karo na uku ke nan a makon. Yara suna ci suna murna, ke kuwa zuciyarki tana yi miki gori: wace irin uwa ce wannan? Maƙwabciya tun la'asar ƙamshin miyarta ya cika layi. Ranar Lahadi kuma an yi wa'azi a kan macen kirki ta Karin Magana sura 31, kin fito daga sujada jikinki a sanyaye.

'Yar'uwa, wannan bidiyo naki ne. Za mu fara da Littafi Mai Tsarki, daga nan mu shiga kicin.

Zuciya tana tuhumar mutum ta hanya biyu, kuma Manzo Bulus ya raba su a 2 Korintiyawa 7:10. Akwai baƙin ciki irin wanda Allah yake so, wanda yake kai mutum ga tuba. Akwai kuma baƙin ciki irin na duniya, wanda ƙarshensa mutuwa ne. Gane su ba wuya. Na farkon yana nuna miki abu guda da yatsa: jiya da gajiya ta ci ƙarfinki kin daka wa yarinya tsawa, har kin kira ta da sunan da bai dace ba. Wannan yana da magani. Ki faɗa wa Allah, ki kira yarinyar ki ce ta yafe miki, magana ta ƙare, kamar yadda 1 Yohanna 1:9 ta yi alkawari. Na biyun ba ya nuna komai. Cewa kawai yake ba ki isa ba, wasu sun fi ki. Idan kika tambaye shi wace doka kika karya, ba shi da aya ko ɗaya. Ki bincika daga Farawa har Ru'uya ta Yohanna, babu inda aka ce uwa ta tuƙa sabon tuwo kowane dare.

To, macen kirkin nan fa? Aya ta 10 zuwa ta 31 waƙa ce mai baiti 22, kowane baiti yana farawa da harafi ɗaya na Ibrananci, daga na farko zuwa na ƙarshe. Kirari ne ake yi wa mace. Har yau a gidajen Yahudawa da yawa, miji ne yake rera wa matarsa shi ranar Juma'a da dare kafin a ci abinci. Mu kuma mun mai da shi sandar duka. Ki sake karanta shi a hankali. A aya ta 15 matar tana da barori mata da take raba wa aiki. A ta 14 daga nesa take kawo abincinta, kamar jiragen fatake, wato saye take yi. A ta 16 ta sayi gona, a ta 24 tana sayar da tufafi. 'Yar kasuwa ce mai mataimaka, kuma abin da aka lissafa aikin shekaru ne, babu wanda ya ce a wuni ɗaya ta yi su duka.

Sa'ad da baƙi uku suka zo wa Ibrahim a Farawa 18, mutum uku ne suka yi hidimar: Saratu ta kwaɓa gari, Ibrahim ya ruga garke ya zaɓo maraƙi, bara ya gyara, sannan Ibrahim da kansa ya kai wa baƙin. Yakubu ya iya dafa fate, har ya sayi matsayin ɗan fari da shi. A Yohanna 21, bayan tashinsa daga matattu, Yesu ne ya hura gawayi a bakin teku ya gasa wa almajiransa kifi. Maza masu kallo, wannan sashen naku ne.

Labarin Marta da Maryamu a Luka 10 ma ana yawan karkatar da shi. Yesu bai hana Marta girki ba, bai kuma ce hidimarta banza ce ba. Abin da ya taɓa shi ne damuwarta a kan abubuwa da yawa, har ta kai ga yi masa ƙorafi a gaban baƙi. Abinci kala ɗaya ya ishe su a ranar.

Kafin mu wuce, akwai abin da ya fi zargin kai na yau da kullum. Idan kin haihu, kuma fiye da mako biyu kina kuka ba dalili, barci ya ƙi ko da jariri ya yi barci, abinci ya fita ranki, kina jin kamar yaran za su fi jin daɗi in ba ki, wannan ciwo ne da ake kira baƙin cikin bayan haihuwa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a ƙasashe masu tasowa kusan mace ɗaya cikin biyar tana shiga matsalar ƙwaƙwalwa bayan haihuwa, mafi yawa irin wannan. Ba rashin bangaskiya ba ne. A yi addu'a, a kuma je asibiti a makon nan.

Yanzu kicin. Dabarar dafa abinci tun kafin ranar cinsa tana cikin Fitowa 16. A rana ta shida Isra'ilawa sun tara manna ninki biyu, aka ce su toya wadda za su toya, su dafa wadda za su dafa, su ajiye saura don ranar hutu. Abincin jiya suka ci ranar Asabar, bisa umarnin Allah.

Abin da ya fi cin lokaci a girkinmu shi ne kayan miya, don haka da su za a fara ranar Asabar, ranar da za a yi girkin mako. Ga ma'auni na gida mai mutum shida: tumatir kilo 3, tattasai kilo 1, manyan albasa 4, attarugu 6 zuwa 8 gwargwadon yadda yara suke iya cin yaji. A cire 'ya'yan tattasai, domin su ne suke sa ɗaci. A kai markaɗe, a gaya wa mai inji ya rage ruwa. A zuba a faffaɗar tukunya, a bar ta a buɗe a kan wuta mai ƙarfi minti 45 zuwa awa ɗaya, har ya ragu da rabi ya yi kauri yana tsalle. Kuskuren da aka fi yi shi ne rufe tukunya: tururi ya koma ciki, ruwan ya ƙi tsotsewa, tsamin tumatir ya zauna daram. Sai a ɗauko kanwa don kashe tsamin, ita kuma ta dusashe jan launin. Haƙuri ne maganinsa. In ya tsotse, a zuba man gyaɗa kofi ɗaya da rabi, a soya minti 15 ana juyawa, har mai ya taso sama. Kada a sa nama ko kifi ko kayan ƙamshi a ciki. A bar shi haka, don ya shiga kowane irin girki.

Za a samu kimanin lita biyu. A raba a ƙananan robobi masu murfi guda biyar ko shida, kowace roba girkin rana ɗaya. Roba ɗaya da shinkafa gwangwani huɗu ta zama dafa-duka cikin minti 35. Wata da alayyahu da busasshen kifi ta zama miyar ganye cikin minti 15. Wata ta shiga faten tsaki ko gwaten acha, irin na Filato, da yakuwa da gauta.

A ranar dai, a dafa wake rabin mudu wanda aka jiƙa tun dare. Jiƙawar tana rage lokacin dahuwa sosai, ta kuma rage gas. A tsane shi, a raba gida uku. Kashi ɗaya na garau-garau, ɗaya na faten wake da dankali, ɗaya kuma a zuba a kan taliya.

Wurin ajiya ne ake yin ɓarna, kuma a nan ya kamata uwa ta yi taka-tsantsan na gaske. Ƙwayoyin cuta sun fi hayayyafa tsakanin digiri 5 da 60 a ma'aunin Salshiyos, wato daidai zafin ɗakunanmu. Dafaffen abinci kada ya wuce awa biyu a waje kafin ya shiga firiji, a lokacin bazara ma a gaggauta. Kada kuma a tura babbar tukunya da zafinta cikin firiza, domin gefe zai daskare tsakiya tana nan da ɗumi har tsawon sa'o'i. Shi ya sa muka ce ƙananan robobi. In ana sauri, a tsoma su a bahon ruwan sanyi su huce. Abin da za a ci cikin kwana uku ya zauna a firiji, saura a firiza.

In an ɗauke wuta fa, wanda ba sai an tambaya ba? Firijin da ba a buɗe ba yana riƙe sanyi kamar awa huɗu. Firiza cike tana kai awa 48, wadda take rabi kuwa awa 24. Don haka a cike gurbin da ya rage da gorunan ruwa su daskare, a kuma hana yara buɗewa don neman ruwan sanyi. Robar da har yanzu akwai ƙanƙara a cikinta za a iya mai da ita. Wadda ta narke ta yi ɗumi ta kwana haka, a zubar, ko da hanci bai ji komai ba.

Gidan da babu firiji, kada a yi markaɗen mako guda. A yi na kwana biyu, a tafasa shi safe da yamma har ya ɓararraka, kada a sa cokali mai ruwa ko wanda aka lasa. Sauran kwanakin a dogara da busassun kaya, waɗanda iyayenmu suka riƙe gida da su tun kafin lantarki: kuka, busasshiyar kuɓewa, kauɗar tumatir, daddawa, busasshen kifi, garin ƙuli. Miyar kuka minti 20 ce kacal. Ruwa lita ɗaya, daddawa biyu dakakku, kifi, albasa, yaji, manja cokali uku, su tafasa minti 15. A rage wuta, a riƙa barbaɗa kuka cokali uku zuwa huɗu da hannu ɗaya ana kaɗawa da maburgi da ɗaya hannun. In aka juye ta gaba ɗaya, gudaji za ta yi, kuma ba ta warwarewa. Minti biyar a buɗe, a sauke.

Ɗumamen tuwo abinci ne mai kyau, muddin an yanka shi an turara har cikinsa ya yi zafin da ba a iya taɓawa, miyar ma ta tafasa. Shinkafa ce ba a wasa da ita. Akwai wata ƙwayar cuta mai suna Bacillus cereus da take tsira daga dahuwa. In shinkafa ta kwana a waje, ƙwayar tana fitar da guba wadda ɗumamawa ba ta kashewa, bayan awa ɗaya zuwa biyar da ci sai amai. Wasu yaran da ake cewa "cikinsu ya ɓaci" da safe, mai yiwuwa shinkafar daren jiya ce. A dafa daidai ci, ko ta shiga firiji da zarar ta huce.

Mu koma kan Indomien can. Abin da ya rage mata shi ne kayan gina jiki da ganye, abin da ya yi mata yawa kuma gishiri ne. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce babba kada ya wuce giram 5 na gishiri a rana, wato ƙasa da ƙaramin cokali ɗaya, yaro kuwa ƙasa da haka. To a sa rabin ƙullin sinadarin ɗanɗanon da yake cikin ledar, a fasa ƙwai ɗaya ga kowane yaro, a watsa kabeji ko karas ko ganyen zogale tafin hannu guda minti biyu kafin a sauke. Minti uku aka ƙara, abincin dare ya cika.

Wata uwar kuma abin da yake cin ranta rashin nama ne a tukunya. Karin Magana 15:17 ta ce gara cin ganye inda akwai ƙauna da cin kiwataccen sa inda akwai ƙiyayya, masana abinci ma ba su saɓa mata ba. Hatsi da wake in sun haɗu suna cike wa juna gurbi. Awara, ƙuli-ƙuli, gyaɗa a kunu, ƙananan busassun kifi da aka daka da ƙashinsu, duk suna gina jikin yaro a kuɗin da bai kai na nama ba. A dai tsince gyaɗa da masara da kyau, duk wadda ta yi funfuna ko ta canza launi a jefar, saboda gubar da take lalata hanta.

Aikin ranar Asabar ɗin nan awa uku ne, kuma bai kamata ya zama na mutum ɗaya ba. Yaro ɗan shekara biyar zai iya tsinke zogale da cire hancin tumatir. 'Yar shekara takwas ko ɗan shekara takwas za su tsince wake su wanke robobi. Daga shekara goma sha biyu, namiji ko mace, a koya musu dafa shinkafa da kaɗa kuka a gaban babba. Baban yara ya ɗauki bokitin markaɗe zuwa inji, ya kuma tsaya a kan tukunyar da ake jira ta tsotse, tunda aikin juyawa ne kawai. A Zumuntar Mata kuwa, in 'yar'uwa ta haihu ko tana jinya, maimakon kowa ta zo da kular abinci ranar suna a rasa inda za a sa, a rubuta sunaye a takarda, a raba kwanakin mako biyun da suke biye, mace ɗaya rana ɗaya, a kai da la'asar kafin yara su fara kukan yunwa.